Gidajen kula da tsofaffi a Minna: Kunya ba za ta tsaya a madadin doka ba

Idan kana son majalisa ta kaure da musu a Minna, ko a Limawa ne ko a Bosso, to ka ce lokaci ya yi da za a yi dokar gidajen kula da tsofaffi. Kafin ka rufe baki wani zai ce Allah Ya kiyaye, mu ba Turawa ba ne, ɗan halak ba ya kai uwarsa gidan gajiyayyu. Akwai gaskiya a cikin maganar, kuma ba ni da niyyar rushe ta. Musulunci da Kiristanci, da al'adun Nufawa da Gbagyi da Kambari da Hausawa da Fulani, duk sun ɗora nauyin tsoho a wuyan 'ya'yansa, kuma har gobe babu wurin da ya fi wa tsoho daɗi kamar tsakar gidansa, jikoki suna kai da kawo a gabansa. Sai dai wannan amsa ta shafi tsohon da yake da ɗa ne, ɗan kuma yana raye, yana da ɗakin da zai sa shi, yana da abin da zai ciyar da shi. Tambayata a kan sauran ce.

Sauran kuwa ba kaɗan ba ne, kuma kullum ƙaruwa suke yi. Shekarun da 'yan bindiga suka shafe suna tarwatsa ƙauyukan Shiroro da Munya da Rafi sun zubo da jama'a zuwa Kuta da Gwada da cikin garin Minna, a cikinsu akwai tsofaffin da aka kashe 'ya'yan da suke dogaro da su, ko kuma tashin hankali ya raba su, kowa ya kama gabansa. Ambaliyar Mokwa ta watan Mayun 2025, wadda ta ci rayuka sama da 150, ta tafi da gidaje sukutum da mutanen cikinsu. Akwai tsohuwar da Allah bai ba ta haihuwa ba, mijin ya rasu, dangin miji suka raba gado suka watse. Akwai ɗan fanshon da 'ya'yansa ke Abuja ko Legas ko ƙasar waje, suna da kuɗin turowa amma ba su da hannun da zai juya shi a kan gado. Akwai wanda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar, aka sallame shi daga Babban Asibitin Minna aka ce a je a ci gaba da kula da shi a gida, alhali gidan ɗaki ɗaya ne na haya a Kpakungu, mai gidan da matarsa duk fita nema suke yi tun safe. Waɗanda suka kai shekara 60 a Najeriya ba su wuce kashi biyar cikin ɗari na jama'a ba, amma wannan ɗan kason ya haura mutum miliyan goma.

Irin waɗannan mutane dole su kwana a wani wuri, kuma suna kwana. Wani a zauren mai maganin gargajiya, wani a harabar coci ko rumfar masallaci, wani a hannun ƙungiyar jinƙai da ta kama hayar gida, wani kuma a hannun ɗan aikin da aka ɗauka da albashi ba tare da an san ko ya taɓa kula da majinyaci ba. Ke nan kula da tsoho a wajen danginsa abu ne da ya riga ya zo, suna kawai muka hana shi. Ni dai a ganina, ƙin kiran abin da sunansa shi ne babban haɗarin da ke kan waɗannan bayin Allah. Wanda ya kai mahaifinsa irin wannan wuri a ɓoye ba zai fito ya yi ƙorafi ba idan ya tarar da shi kwance cikin fitsari, domin tambayar farko da za a yi masa ita ce: kai me ya sa ka kai shi? Mai gidan da ba ya tsoron Allah kuwa ya san da haka.

Abin ma ba baƙo ba ne kamar yadda ake ɗauka. Kano, da duk riƙonta da al'ada, tana da gidan gajiyayyu a Shahuci da daɗewa. Gwamnatin Legas tana da nata gidan a Yaba. Asibitin koyarwa na Jami'ar Ibadan ya buɗe cibiya ta musamman don lafiyar tsofaffi tun 2012. A Abuja masu zaman kansu suna buɗe irin waɗannan gidaje suna karɓar kuɗi, kuma duk wanda ya san yadda tsadar haya take koro sana'o'i daga Abuja zuwa Madalla da Suleja ya san inda wannan sana'a za ta gangaro. Daga Zuba ka ɗaga ƙafa ka shiga Jihar Neja.

A takarda, ba a bar tsofaffi a baya ba. Sashe na 16 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ambaci kula da tsofaffi da fansho a cikin abubuwan da ya kamata gwamnati ta fuskantar da manufofinta a kansu, sai dai yana cikin babi na biyu, wanda ba a iya kai gwamnati kotu a kansa. Marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa a farkon 2018, cibiyar ta fara aiki a 2021 da Dokta Emem Omokaro a matsayin shugabarta ta farko, kuma a shekarar ce Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da manufar ƙasa a kan tsufa. Cibiyar ta yi ƙoƙari, ta tsara ƙa'idojin aiki da na horar da masu kula da tsofaffi. Amma ƙa'idar da aka ƙaddamar a ɗakin taro a Abuja ba ta da ƙafar da za ta je ta ƙwanƙwasa ƙofa a Maitumbi da ƙarfe biyun dare. Wannan aikin jiha ne, kuma doka ce ta jiha za ta ba jami'i ikon shiga, ya duba, ya rufe idan ta kama.

Dubi yadda muke yi da sauran sana'o'i. Mai son buɗe kemis sai ya nemi lasisi. Mai makarantar kuɗi sai ma'aikatar ilimi ta zo ta ga azuzuwa. Kano tana da hukumar PHIMA mai sa ido a kan asibitoci masu zaman kansu, Legas tana da HEFAMAA. Gidan tsofaffi kuwa ya faɗa tsakanin ofisoshi: ma'aikatar lafiya za ta ce ba asibiti ba ne, ma'aikatar mata da jin daɗin jama'a ba ta da likitocin da za su duba ciwo da magani, mai gida kuma ya rataye takardar rajistar kamfani ko ta ƙungiya a bango kamar ita ce shaidar cancanta. Takardar rajista sunanka kawai ta tabbatar. Ba ta ce ka iya ciyar da wanda ba ya iya haɗiya ba.

Mun riga mun ga abin da ke faruwa a bayan katangar da babu mai leƙawa. A watan Satumbar 2019 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum sama da 300, wasu da mari a ƙafa, sannan aka sake ganin irinsa a Daura a watan Oktoba. Ba tsofaffi ba ne, gaskiya, amma tsarin ɗaya ne: dangi suka kai nasu da kyakkyawar niyya, suna biya, suna jin kunyar a sani, maƙwabta suna jin kuka suna cewa ba ruwansu. Sai a watan Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958. Haka muka saba, sai an yi ɓarna a zo da doka.

Wanda ya fi kama da abin da nake tsoro shi ne abin da ya faru a lardin Gauteng na Afirka ta Kudu. A 2015 hukumar lafiya ta lardin ta yanke shawarar soke kwangilar da take da ita da kamfanin Life Esidimeni, wanda ke kula da masu taɓin hankali na dogon lokaci, wai don rage kashe kuɗi. A 2016 aka kwashe majinyata sama da 1,500 aka rarraba su, da yawansu zuwa gidajen ƙananan ƙungiyoyi. Mutum 144 suka mutu, wasu saboda yunwa, wasu ƙishirwa, wasu sanyi, wasu rashin maganin da suka saba sha, domin an kai su ba tare da takardun jinyarsu ba. Binciken Farfesa Malegapuru Makgoba na 2017 ya gano cewa ƙungiyoyi 27 da aka ba su amanar ba su da ingantaccen lasisi. Kwamishiniyar lafiya Qedani Mahlangu ta ajiye aiki, kuma a 2018 tsohon mataimakin alƙalin alƙalai Dikgang Moseneke ya yanke cewa a biya kowane iyali rand miliyan 1.2. Abin lura a nan shi ne, ba duka masu waɗannan gidaje ne mugaye ba. Wasunsu mutane ne masu ƙaramin ƙarfi da suka karɓi nauyin da ba su san girmansa ba. Kyakkyawar niyya ba ta koya wa mutum cewa tsohon da ya daina neman ruwa shi ne ya fi bukatar a ba shi.

To mene ne inganci a gari irin Minna? Ba kafet da talabijin ba ne. Farkon abin da zan sa a gaba shi ne zafi. A watannin Maris da Afrilu zafin garin yakan kusanci maki 40, kuma jikin tsoho ba ya sanar da shi ƙishirwa da wuri kamar na matashi, ba ya kuma fitar da gumi yadda ya kamata, ga shi da yawansu suna shan maganin hawan jini mai sa yawan fitsari. Ka haɗa wannan da ɗaki mai rufin kwano ba sili, taga guda, wuta ta ɗauke tun safe. Jihar da ke da madatsun Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru ce, amma mazaunin Minna ya fi kowa sanin cewa kirarin jihar lantarki ba ya juya fanka. A Amurka ma, da duk arzikinta, guguwar Irma ta 2017 ta kashe na'urar sanyaya ɗaki a wani gidan tsofaffi a Hollywood Hills ta jihar Florida, zafi ya yi ajalin mutum 12, daga nan ne jihar ta wajabta wa irin waɗannan gidaje mallakar janareta da man da zai riƙe su awa 96. Mu ba sai mun kai nan ba. Amma gidan da ba shi da sola ko janaretan da zai juya fanka da dare, ba shi da tankin ruwan da zai kai kwana uku, ba shi da takardar da ke nuna sau nawa aka ba kowane tsoho ruwa a yini, bai kamata a ba shi izinin ajiye ko mutum ɗaya ba.

Sai gobara. Gidajenmu an gina su ne don hana ɓarawo shiga, ƙarafa a kowace taga, ƙofar ƙarfe da kwado, maɓalli a aljihun maigadi. Abin da ke hana ɓarawo shiga shi ke hana tsohuwa mai sanda fita. Da hunturu kuma tsofaffi suna son kaskon wuta a kusa da gado, ga katifar soso, ga gidan sauro. A garin L'Isle-Verte na Kanada, gobarar dare ta watan Janairun 2014 ta kashe tsofaffi 32 a gida ɗaya, da yawansu ba sa iya tafiya sai da taimako. Tambayar da mai bincike zai yi mai sauƙi ce: mutum nawa ne a nan ba sa iya tashi da kansu, kuma ma'aikata nawa ne suke kwana idonsu biyu? Idan amsar ita ce goma sha biyu da ɗaya, an gama magana. Hukumar kashe gobara ta jiha tana da hurumi a nan, ta duba ƙofa ta biyu, ta ga ko keken guragu zai iya wucewa ta cikinta.

Masan tsuguno da tayil mai santsi suna karya ƙugun tsoho, kuma karayar ƙugu a wannan shekarun sau da yawa ita ce kwanciyar ƙarshe. Ƙarfen dafawa a bango da masai na zama ba su kai kuɗin ragon suna ba. Gyambon kwanciya kuma shi ne shaidar da ba ta ƙarya: wanda ba ya iya juyawa ana bukatar a juya shi kusan duk bayan awa biyu, dare da rana, kuma bayansa zai faɗi ko an yi ko ba a yi ba. Magani ma haka, a rubuta wa aka ba, me aka ba shi, yaushe, wa ya bayar, ma'aikaciyar jinya mai lasisi ta riƙa dubawa.

Inda abin ya fi ban tsoro shi ne gigin tsufa. Tsohuwa ta manta sunan 'yarta, ta tashi tsakar dare ta ce za ta tafi gidansu, ta tuɓe zane a tsakar gida, ta zagi wanda take ƙauna. Cuta ce ta ƙwaƙwalwa, amma a wurare da yawa ana fassara ta da maita ko aljanu, kuma an sha jin labarin tsofaffin mata da aka yi wa duka a titi saboda sun ɓata hanya suna sambatu. Ma'aikacin da ba a horar ba, idan ya gaji, abu uku ne a gabansa: ya kulle ta, ya ɗaure ta da gado, ko ya ɗura mata maganin barci. Dole doka ta ambaci waɗannan ukun da sunansu ta haramta su, sai da umarnin likita a rubuce kuma na ɗan lokaci. Haka batun dukiya. Katin cirar kuɗin ɗan fansho bai kamata ya kwana a aljihun mai gida ba, kuma kada a yarda a dangwala yatsan wanda ba ya cikin hayyacinsa a kan takardar fili ko gida. Sannan mutunci: mace ta yi wa mace wanka, a taimaka wa mai salla da tsarki da alwala a kan lokaci, a kai mai zuwa coci cocinsa, a samu mai jin Nufanci ko Gbagyi idan tsufa ya mayar da mutum harshen da ya sha a nono.

Duk wannan yana kan wuyan ma'aikaci ne, shi kuwa ba a cika tunawa da shi ba. Aikin wanke babban mutum da sauya masa shimfiɗa aiki ne mai nauyi ga jiki da zuciya. Gwamna Mohammed Umaru Bago ya amince da Naira 80,000 a matsayin mafi ƙarancin albashin ma'aikatan jiha a 2024. Wanda ake biya kashi ɗaya cikin huɗu na wannan, yana aikin dare da rana babu hutu, haushinsa a kan wanda ba ya iya ramawa zai sauke shi.

Mun iya ziyara, wannan kam ba a fi mu ba. Da azumi ko Kirsimeti za a ga jerin motoci, buhunan shinkafa da atamfofi, a ɗauki hoto a sa a Facebook. Allah Ya ba da lada. Amma ziyarar da aka sanar tun mako guda ba ta ganin komai sai abin da aka share. Iyayenmu suna ba da labarin duba-gari, wanda ba ya aiko da saƙo, sai dai a gan shi a tsakar gida yana buɗe randa. Irinsa ake bukata: ya zo babu sanarwa, wani lokaci da dare, da ma'aikaciyar jinya da jami'in jin daɗin jama'a, ya keɓe da tsofaffin ba a gaban mai gida ba, ya ɗaga zanin gado, ya leƙa madafa, ya karanta littafin da ake rubuta duk wanda ya faɗi ko ya rasu. A Ingila hukumar da ke wannan aiki tana ba kowane gida ɗaya daga cikin darajoji huɗu, ta wallafa rahoton a intanet kowa ya gani. Kada kuma a ɗauka gidan masu kuɗi ya tsira. A Faransa, littafin ɗan jarida Victor Castanet na 2022 ya fallasa yadda kamfanin Orpea, mai karɓar maƙudan kuɗi, yake tsuke abinci da ƙunzugun tsofaffi don ƙara riba.

Na san abin da za a ce. Za a ce idan aka tsaurara, ƙananan gidajen da ke taimakon marasa galihu za su rufe, tsofaffin su koma bakin titi, jami'an bincike kuma su mayar da abin hanyar karɓar na goro. Tsoron yana kan hanya, kuma shi ya sa nake ganin kada a mayar da lasisin hanyar tara haraji. A ba da shi kyauta ga gidajen jinƙai, a ware abubuwa kaɗan da ba a sassauci a kansu, wato ruwa, iska, hanyar fita, mai kwana a farke da haramcin ɗauri, sauran a ba da wa'adin shekara ɗaya ko biyu a cika su. Kuɗin sola da rijiyar burtsatse abu ne da zakka da waƙafi da baikon coci za su iya ɗauka, idan masu bayarwa suka san akwai mai duba inda kuɗinsu ya tafi. Maganin na goro kuma shi ne a riƙa manna sakamakon bincike a ƙofar gida, a kuma bar dangi da limamai da fastoci da masu unguwanni su shiga kowane lokaci. Za a kuma ce doka za ta ba marasa kirki ƙofar yar da iyayensu. Wanda zai yar da uwarsa ba ya jiran doka. Abin da doka za ta iya shi ne ta sa a rubuta sunansa da lambar wayarsa, a san rabonsa da zuwa, a kira shi idan ya ɓace.

Majalisar Dokokin Jihar Neja ba ta bukatar ƙirƙiro komai daga tushe, ƙa'idojin cibiyar ƙasa suna nan, sai ta ɗauka ta daidaita su da yanayinmu ta ba su haƙora, ta kuma fayyace ma'aikata guda da za a kama idan an yi sakaci. Kafin nan ma akwai aikin da ba ya jiran ƙuduri. Ƙananan hukumomin Chanchaga da Bosso, tare da masu unguwannin Masarautar Minna, za su iya zagayawa cikin makonni kaɗan su rubuta duk wani gida, zaure ko haraba da ake ajiye tsofaffi uku ko fiye waɗanda ba dangin mai wurin ba ne: su nawa ne, nawa ne ba sa iya tashi, wa ke kwana da su, ina suke samun ruwa. A gama wannan ƙidaya kafin zafin Maris ya shigo.